Tarihin Izinin Baƙo da Auren Nesa a Ƙasar Kutus

Kelle gari ne da ke gindin duwatsun Kutus, arewa da Gure cikin jihar Damagaram, a daidai inda gonakin gero suke ƙarewa ƙasar makiyaya take somawa, kuma mazaunansa na asali Dagira ne, wato wani reshe na Barebari, tare da Hausawa da Fulani da Buzaye da Tubawa waɗanda kiwo ko fatauci ko aure ya zaunar da su. Ƙasa irin wannan ba ta rabuwa da baƙi, 'ya'yanta kuma ba sa daina fita cirani, saboda haka damuwar da ke kan ɗan Kelle mazaunin Jidda ko Sabha ko Faris a yau, wato yadda zai samo wa matarsa 'yar wata ƙasa izinin ziyara, tsohuwar damuwa ce da ta sake kama. Tushenta shi ne sanin wanda yake tsaya wa baƙo, da abin da hukuma take karɓa a matsayin shaida cewa wannan mutum na wancan ne.

A zamanin da Kutus da Muniyo suke ƙarƙashin inuwar Borno, da kuma bayan da ƙarfin Damagaram ya bunƙasa a lokacin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, mutum ne yake buɗe wa baƙo ƙofa. Falke da ya zo da mangul na ƙasar Manga, ko kanwar Muniyo, ko kantun gishirin Bilma, yakan sauka ne a hannun fatoma, wato mai masaukin da yake ba shi ɗaki da wurin ɗaure dabbobi, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da masu saye, ya kuma gabatar da shi a fada idan buƙata ta taso. Muhimmin aikin fatoma shi ne lamuni, domin idan baƙo ya ci bashi ya gudu, ko ya yi ɓarna a kasuwa, ƙofar mai masaukinsa za a fara ƙwanƙwasawa. Madugu, jagoran ayari, shi yake biyan kuɗin fito a madadin mutanensa a kowane gari, kuma da zarar an biya, matan fatake da yaransu sun shiga cikin lissafin ayarin ba tare da an tambayi kowace ɗaya asalinta ba. Malaman fiƙihu suna da suna ga wannan tsari, aman, wato alkawarin kariya da Musulmi yake ba baƙo har ya gama abin da ya kawo shi ya koma.

Takarda ma tana da gurbinta a wancan zamani, amma ta manyan baƙi ce. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya bar Kukawa a ƙarshen Nuwamba na 1852 da yardar Shehu Umar na Borno, ya biyo ta Gure inda ya gana da Muniyoma Koso, ya isa Zinder a ƙarshen Disamba, sannan a 1853 Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya ba shi takardar kariya ta ratsa ƙasarsa. Irin wannan wasiƙa mai hatimi ita ce ta fi kusa da abin da ake kira biza a yau, sai dai ta bambanta da ita ta fuska ɗaya mai nauyi, domin sarki ne yake rubuta wa takwaransa cewa ga wane, na san shi, a riƙe mini shi amana, ma'ana sanayya ce aka mayar rubutu.

Aure kuwa shi ne hanya mafi ƙarfi ta kawar da baƙunta. Falken da ya yi shekaru yana sauka a gari ɗaya yakan nemi 'yar fatomansa ko 'yar wani dattijon unguwa, kuma daga ranar da aka yanka sadaki, waliyyi ya bayar, wakili ya karɓa, shaidu suka ji, aka shafa fatiha aka raba goro, ya tashi daga baƙo ya zama suruki, 'ya'yansa kuma suna da gidan kawunai. Haka matar da aka auro daga Nguru ko Machina ko Kano takan shigo Kutus a bayan raƙumi ko jaki tare da 'yan rakiya, kuma danginta suna da ikon zuwa ganin ɗaki da suna da ta'aziyya ba tare da neman izinin kowa ba. Bai kamata a ƙawata wancan zamani fiye da kima ba, tun da hanya tana da 'yan fashi da masu kamun bayi, kuma wanda ba shi da mai tsaya masa yana iya rasa 'yancinsa gaba ɗaya. Amma ƙa'idar a bayyane take, cewa dangantaka hujja ce ta amincewa, kuma gwargwadon kusancinta gwargwadon sauƙin shiga.

Iyakar da ta raba Gure da Nguru ta fito ne daga yarjejeniyoyin Ingila da Faransa, daga ta 1890 wadda ta ja layi tsakanin Say da Barruwa, zuwa gyare-gyaren 1898 da 1904 da 1906, kafin tawagar Tilho da O'Shee ta bi daji tana kafa alamomi tsakanin 1906 da 1908. Faransawa sun kama Zinder a 1899, suka mayar da ita hedikwatar yankin daga 1911 har 1926 lokacin da aka koma Yamai. Abin da ya fi damun kumandan, wato jami'in mulkin Faransa, a wancan lokaci shi ne kada masu biyan lanho, wato harajin kai, da waɗanda ake ɗauka aikin tilas su tsere zuwa ƙasar Ingilishi, don haka takardar izinin tafiya ta farko da talakan Kutus ya sani an ƙirƙire ta ne domin hana fita. Mutane da yawa sun tsallaka ba tare da ita ba, musamman bayan da jirgin ƙasa ya isa Nguru wajen 1930 ya mayar da garin babbar kasuwar dabbobi da gyaɗa, kuma auren da ke tsakanin ɓangarorin biyu ya ci gaba kamar ba a ja layi ba. An soke aikin tilas a 1946, amma al'adar tambayar takarda a bakin hanya ta riga ta zauna.

A hanyar Makka ne fasfo ya fara shiga rayuwar iyali sosai. Alhazan da suke bin ƙasa ta Chadi da Sudan zuwa Suwakin sukan kwashe shekaru suna tafiya suna noma da ƙwadago, wasu su yi aure a hanya, wasu su zauna ɗungurungum a garuruwa irin su Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, wanda mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Bayan taron Faris na 1920, inda ƙasashe suka daidaita siffar fasfo, hukumomin mulkin mallaka sun matsa wa alhazai da takardar tafiya da allurar rigakafi da kuɗin ajiya na komowa. Daga nan aka fara samun gidan da miji ɗan ƙasar Faransa ne a rubuce, matarsa 'yar ƙasar Ingilishi, 'ya'yansu kuma haihuwar Sudan, alhali dukkansu harshe ɗaya suke yi, tuwo ɗaya suke ci. Zuriyar waɗannan mutane, da ake kira Takari a Hijaz, har yau wasunsu suna fama da rashin takardar kowace ƙasa.

Bayan samun 'yancin kai, ƙasashen yankin sun yi ta kai da komo tsakanin buɗewa da rufewa. Ghana ta kori baƙi a 1969, Najeriya ta yi haka a 1983 da 1985, ta kuma rufe iyakokinta na ƙasa daga 1984 zuwa 1986, sannan daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. A ɗaya gefen, yarjejeniyar da ƙungiyar ECOWAS ta sa wa hannu a Dakar a 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ya zauna kwana 90 ba tare da biza ba, kuma wannan ne ya sa mutumin Kelle mai mata 'yar Gashuwa ko Kumasi bai san wahalar ofishin jakadanci ba. Wahalar ta faɗa ne kan wanda ya auro daga wajen ƙungiyar, ko wanda yake son kai iyalinsa Turai ko ƙasashen Larabawa.

Faransa ta ɗora wa 'yan tsoffin ƙasashen da ta mallaka biza a 1986, bayan hare-haren bama-bamai a Faris, kuma tun da tsarin Shengen ya fara aiki a 1995, biza guda take buɗe ƙasashen Turai da yawa na tsawon kwana 90 cikin kowane kwana 180. Sharuɗɗanta sun cancanci a duba su da kyau, domin a cikinsu ne sauyin tarihi ya fi fitowa fili. Mai nema zai kawo fasfo da hotuna, a ɗauki zanen yatsunsa, ya nuna inshorar lafiya ta Yuro 30,000, da bayanin asusun banki, da shaidar aiki, ya kuma biya Yuro 90 tun daga 2024, kimanin jika 59 na sefa, kuɗin da ba a mayarwa ko an hana shi. Wanda zai sauke shi a Faransa zai je ofishin magajin garinsu ya karɓo takardar masauki, inda yake bayyana girman gidansa da abin da yake samu, kuma wannan takarda, wadda aka fara irinta a 1982 aka sake mata fasali a 1998, ita ce ta gaji aikin fatoma. Bambancin shi ne lamunin mai masauki ya daina wadatarwa, domin abin da jami'in biza yake nema shi ne hujjar cewa baƙo zai koma inda ya fito, kuma a wannan ma'auni mace mai miji ko saurayin da aka yi musu baiko a ƙasar da za ta ziyarta tana da dalilin zama, don haka dangantakar da a Kutus take wanke baƙo daga zargi ita ce a nan take jawo masa shi. Wannan juyi yana da ciwo ga mutanen da suka tashi da sanin cewa suruki ba baƙo ba ne.

Zaman waje yana ƙara wa al'amarin wani ƙulli. Ƙa'idar Shengen ita ce mutum ya nemi biza a ƙasar da yake zaune bisa doka, saboda haka ɗan Nijar da ke aiki a Libiya ko Aljeriya tare da matarsa 'yar Chadi ko Sudan, idan ba su da katin zama, ba su da ƙofar da za su ƙwanƙwasa a can, sai kowannensu ya koma ƙasarsa ya nema daban. A Saudiyya ma igama, wato katin zama da ke ɗaure da kafili, mai ɗaukar nauyin ma'aikaci, ita ce mabuɗin neman bizar ziyarar iyali, tare da takardar aure da aka tantance. Ƙasar ta buɗe bizar yawon buɗe ido a Satumba 2019, amma sauƙin samunta ta intanet ya tsaya kan jerin wasu ƙasashe. Idan kuma mijin yana son kawo matar gida Kelle ta gaida iyayensa, kuma ƙasarta ba ta cikin waɗanda aka yafe wa biza, sai ya bi ta ofishin jakadancin Nijar, kamar ƙaramin ofishin da ke Jidda, ya nema wa matarsa izinin shiga gidan surukanta da sunan mai ziyara.

Dukkan waɗannan ƙofofi suna komawa ne ga takardar aure, kuma a nan ne ƙauye ya fi cutuwa. Auren da aka ɗaura a ƙofar gida gaban liman da jama'a cikakke ne a shari'a da al'ada, amma ofishin jakadanci ba ya ganinsa sai an rubuta shi a rajistar magajin gari, kuma idan wa'adin rubutawa ya wuce sai an je kotu da shaidu an karɓo hukuncin da yake maye gurbin takardar, sannan a kai ta Yamai a buga mata hatimin ma'aikatar harkokin waje, tafiyar da ta haura kilomita 1,000 daga Kelle. Sau da yawa sunan da ke kan takardar haihuwa ya saɓa da na fasfo, domin magatakardan Faransanci ya rubuta Mahamadou inda na Ingilishi ya rubuta Muhammad, ko an sa wa mutum ranar haihuwa ta ƙiyasi, kuma saɓanin harafi biyu ya isa a mayar da fayil. Dokar zama ɗan ƙasa ita ma ta daɗe tana fifita namiji, sai a 2014 Nijar ta amince da riƙe ƙasa biyu ta kuma ba mace ikon ba mijinta baƙo ƙasarta, alhali sashe na 26 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 har yanzu matar ɗan ƙasa kaɗai ya ba damar rajista, ban da mijin 'yar ƙasa.

Shekarun baya-bayan nan sun sake motsa ƙasa a ƙarƙashin ƙafar matafiya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe iyakar Najeriya da Nijar har zuwa Maris 2024, watannin da iyalai da yawa suka rasa bukukuwa da jana'izar 'yan'uwa ko suka bi ta ɓarauniyar hanya. Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a Janairu 2024, abin da ya tilasta wa masu neman bizarta duba wata hanya. Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata a 29 ga Janairu 2025, a watan da hukumomin Yamai suka fitar da sabuwar doka mai tsanani kan shiga da zaman baƙi. Ƙasashen uku da ECOWAS duk sun bayyana cewa zirga-zirgar jama'a ba tare da biza ba za ta ci gaba, kuma a kan wannan sanarwa ce matar da aka auro daga Nguru take dogara duk lokacin da ta hau mota daga Gure za ta gaida mahaifiyarta, da katin shaidarta a ƙulle cikin haɓar zane.