Rigakafin korona da 'yan gudun hijirar ƙasar Gobir

Tun daga 2019 hare-haren 'yan bindiga suka kori dubban mutanen Sabon Birni da Isa zuwa jihar Maraɗi ta Nijar, inda hukumar UNHCR ta tsugunar da wasunsu a ƙauyuka irin su Garin Kaka. A can annobar korona ta riske su.

Najeriya da Nijar sun fara rigakafinta a Maris 2021, amma shakkar allura ta riga annobar zuwa Arewa. Gwajin maganin Trovan a Kano a 1996 da ƙaurace wa rigakafin shan-inna a 2003 sun bar tabo. Sa bakin sarakuna da malamai ne ya sassauta wannan turjiya. Sai dai gudun hijira yakan raba mutum da dagaci da limamin da yake jin maganarsu.