Ɓare bawon madannin fiyano, yadda aka koya mana

Wata fiyano da aka kira ni in duba a wata makaranta a Garki ita ta sa na ɗauki alƙalami. Wani yaro ya riga ni zuwa, ya sa sukuduraba ya ɓamɓare farar robar da ke kan madannai, ta tafi da tsokar katakon, sannan ya manna sabuwa da sufagulu. Ya karɓi kuɗi, wai shi ma mai gyara ne.

Mu ba haka muka taso ba. Maigidana mutumin Wusasa ne, a wajen 'yan mishan ya koyi hannu, kuma bai taɓa yarda wuƙa ta riga zafi zuwa kan madanni ba. Sai ya jiƙa tsumma ya matse, ya shimfiɗa a kan bawon, ya ɗora dutsen guga mai ɗumi, ya jira gam ɗin ya saki da kansa. Sannan ya zura siririyar wuƙa a kwance, yana bin jijiyar katakon. Da ya ji ta cije, sai ya janye ya ƙara ɗumi. Yakan ce, "Yaro, katakon kake ceto. Robar ai ta riga ta mutu." Farare 52 ne cikin madannai 88, kuma kowanne haka zai bi shi, ko da yamma za ta yi.

Aikin ya buɗe mana ne bayan an dawo da gwamnati Abuja daga Legas a watan Disamban 1991. Ofisoshin jakadanci da manyan ma'aikata suka biyo baya da fiyanonin da suka saba da laimar bakin teku. Hunturun farko a Abuja sai katako ya tsuke, bawo ya ɗaga baki, wani ya tsage daga gaba.

Cikin fiyanonin nan akwai masu bawon hauren giwa, kuma a nan maigidana ya fi tsanani. Kafin ka taɓa komai sai ka nuna masa siririn layin da ya raba kai da wutsiya, domin haure guntu-guntu ake sa shi, roba kuwa a haɗe take zuwa. Tun da yarjejeniyar CITES ta hana cinikin haure tsakanin ƙasashe a 1989, wanda ka fasa ba ka da madadinsa. Shi ya sa yake tara tsofaffin a gwangwanin madara. Na tuna ranar da ya ɗauko guntun wata tsohuwar roba mai warin kafur, ya fita da ni tsakar gida ya kusantar da ashana. Kafin in ja baya ta cinye ƙurmus. Yanzu kuwa ina ganin yara suna hura wa irinta bindigar zafi a falon mutane, kusa da labule.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba sa awo. Sabuwar roba ta fi haure kauri. In ba a rage saman katakon daidai da bambancin ba, farare za su taso, baƙaƙe su nutse, mai kiɗa ya rasa me ya sami hannunsa.

Masu fiyano a coci-coci da makarantu da otal-otal na Abuja, don Allah kafin ku miƙa wa mutum madannai, ku tambaye shi da me zai ɓare bawon. In bai ambaci ɗumi da awo ba, ku sallame shi.