Mala'iku da Ƙarshen Zamani: Abin da Tarihin Damagaram Ya Koya Mana

Ƴan uwa ɗalibai, bari mu fara da kalma, tunda ita ce sana'armu a sashen nazarin harshe. A Larabci "mala'ika" jam'i ne, tilonsa "malak". Bahaushe ya ɗauki jam'in ya mai da shi tilo, ya ƙera masa sabon jam'i, mala'iku. Haka ma Walakiri da kakanninmu ke tsorata mu da bulalarsa. Asalinsa Munkar "wa" Nakir ne, mala'iku biyu masu tambaya a kabari. Wannan "wa" ɗin ma'anarta "da" kawai, amma kunnen Bahaushe ya manna ta da sunan, "n" ta koma "l", sai ga Walakiri. Idan suna na iya sauyawa haka a bakin mutane, to aikin da ake jingina wa mala'ikan ma yana iya sauyawa. A nan batun ya fi harshe nauyi, domin an yi asarar rayuka a kansa.

Me nassoshi masu ƙarfi suka nuna? Alƙur'ani, a suratu Zumar aya ta 68, ya ambaci busa ƙaho sau biyu, na mutuwa da na tashi, amma bai faɗi sunan mai busawa ba. Malamai ne suka tafi a kan Israfilu ne. A Bukhari da Muslim an ruwaito cewa mala'iku za su tsare ƙofofin Madina, Dujal ba zai shiga ba. A Muslim kuma, Annabi Isa (AS) zai sauko gabashin Dimashƙa yana dafe da fikafikan mala'iku biyu. Sai hadisin Jibrilu da kowane almajiri ya hardace, inda mala'ikan da kansa ya tambayi lokacin Alƙiyama, Annabi (SAW) ya nuna masa cewa su duka biyun ba su san lokacin ba. Kun ga ke nan, a waɗannan nassoshi mala'ika mai cika umurni ne, ba ya ba kowa kwanan wata.

Amma akwai wasu ruwayoyi da malaman hadisi suka raunana da yawansu, irin na Kitabul Fitan na Nu'aimu ɗan Hammad, malamin ƙarni na 9. A cikinsu ne ake samun Mahadi da rundunar mala'iku, Jibrilu a gaba, Mika'ilu a baya, da murya daga sama mai shelar sunansa. Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, ya tattara irin waɗannan cikin littafinsa kan Mahadi. Suyuɗi ba baƙo ba ne a wannan yanki, ya rubuta wa sarakunan Agadas da Katsina wasiƙar nasiha, littattafansa kuma sun shiga zaurukan malamanmu. Waƙoƙin wa'azi na ajami, kamar Sharuɗɗan Ƙiyama ta Nana Asma'u, sun kai labarin ranar tashi har cikin gidaje, wurin mata da yara.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya hango hatsarin tun da wuri. Mutane sun so su ce shi ne Mahadi, ya ƙi. Da wani mai suna Hamma ya yi da'awar a Maganga, Shehu ya rubuta Tahzirul Ikhwan yana gargaɗin jama'a. Duk da haka jiran bai gushe ba. Da shekarar 1300 ta Hijira ta gabato, wato ƙarshen 1882, lokacin Sarki Tanimu na mulkin Damagaram, zukata sun karkata gabas. A 1881 Muhammad Ahmad ya bayyana kansa Mahadi a Sudan, yana cewa Azara'ilu na riƙe da tutar haske gaban rundunarsa. A 1885 ya ci Khartum. Ga mai sauraro daga nesa, wannan nasara kamar shaida ce.

Guguwar ta iso ƙofarmu. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, ya karɓi kiran, ya haɗa kai da Rabe, wanda ya ci Barno a 1893. Barno kuwa ita ce Damagaram ke kai wa gaisuwa a da. Sarki Ahmadu Kuran Daga bai miƙa wuya ga Rabe ba, kuma tsoron kada Faransawa su haɗa baki da shi na cikin dalilan da masu tarihi ke bayarwa na kashe Kyaftin Cazemajou a Zinder a 1898. A ƙarshen Yuli 1899 aka yi yaƙin Tirmini, nan kusa da mu mutanen Droum, Faransawa suka shiga birni. Ga wanda ya girma yana jin alamomin tashin duniya, zuwan Nasara ya yi kama da cikar alkawari. Shi ya sa a 1903 dubban mutane suka bi Sarkin Musulmi Attahiru hijira zuwa gabas, har aka kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli.

Shekarar 1906 ta fi zafi. Saybu ɗan Makaho, wanda ya tayar da bore a Kobkitanda ta ƙasar Dosso, ya tsallaka Satiru kusa da Sakkwato. Ranar 14 ga Fabrairu talakawa da fartanya da gatari suka karya sojan Ingila, suka kashe Turawa uku. Ranar 10 ga Maris aka dawo da manyan bindigogi, aka shafe garin, aka kashe mutane kimanin 2000. A wannan shekarar dai, cikin firgicin Mahadiyanci, Faransawa suka zargi fadar Zinder da shirya maƙarƙashiya, suka tuɓe Sarki Ahmadu ɗan Bassa, suka kai shi Kodibuwa, suka ɗora Ballama riƙon ƙwarya. Sai 1923 sarauta ta dawo gidanta da Barma Mustafa.

Ba wai mu raina waɗannan mutane ba. Zalunci suka gani, da haraji da aikin tilas, kuma harshen ƙarshen zamani shi ne harshen da suke da shi na cewa a'a. Amma gaskiya ɗaya ce: duk wanda ya yi wa talaka alkawarin mala'iku za su yi yaƙi a gefensa, talakan ne ya tsaya gaban harsashi.

Yau abin ya koma cikin waya. A azumin 2020 saƙo ya zagaya ƙasashen musulmi cewa za a ji ƙara daga sama ranar Juma'a 15 ga Ramadan, kowa ya rufe ƙofa ya toshe kunne. Ruwayar tana cikin littafin Nu'aimu, malamai sun daɗe da cewa ba ta inganta ba, ranar kuma ta wuce lafiya lau. Saboda haka, ƴan uwa, in saƙon murya ya iso WhatsApp ɗinku da sunan Jibrilu ko Israfilu, ku yi tambaya uku kafin ku tura: a wane littafi yake, me malaman hadisi suka ce a kansa, kuma me mai aikowa yake so ku aikata bayan kun tsorata? Imani da mala'iku rukuni ne na addininmu, shi ya sa bai kamata mu bar kowa ya yi kasuwa da sunansu ba. Allah Ya sa mu cika da imani.