Loda Kaya da Sauke Su: Nazari kan Sarrafa Memori a Manhajojin Hoto da Sauti na Burauza

Tsakure

Wannan maƙala ta duba dalilin da ya sa shafukan intanet masu hoto, sauti da bidiyo kan ci gaba da riƙe memori bayan an gama amfani da kayan. An kwatanta matsalar Flash Player 9 da halin da burauzojin yau suke ciki, sannan an lissafa girman kayan bayan an warware su. Hujjar maƙalar ita ce, tsarin kwashe shara ba ya ganin mafi yawan nauyin waɗannan kaya, don haka sauke su yana wuyan mai rubuta manhaja.

1.0 Gabatarwa

John McCarthy ne ya ƙirƙiro dabarar kwashe shara ta kai-da-kai don harshen Lisp a wajajen 1959. JavaScript ma a kanta ya dogara. Mai kwashe shara yakan fara daga tushen manhaja, ya bi kowane nuni, ya sa alama a kan duk abin da ya isa gare shi, sauran kuma ya share. Sharaɗin ɗaya ne tak: in dai akwai hanyar isa ga abu, ba za a taɓa shi ba, ko da an daina buƙatarsa tun tuni. Daga nan yoyon memori yake samo asali.

2.0 Abin da ya faru da Flash

Flash Player 9 ya fito a 2006 tare da ActionScript 3. Masu rubuta manhaja sukan loda fayil ɗin SWF cikin wani, in sun gama su kira unload. Sai dai umarnin yana cire fayil ɗin daga ido ne kawai. Idan sauti yana tafiya, ko agogon Timer bai tsaya ba, ko an bar mai sauraron aukuwa manne da dandalin nuni, fayil ɗin yana nan da ransa, yana cin memori da ƙarfin na'ura. Har akan ji kiɗan wasan da aka rufe yana tashi a bayan wani sabo. Sai a 2008, cikin Flash Player 10, kamfanin Adobe ya ƙara unloadAndStop, wanda yake tsayar da sauti da agogo, ya kuma cire masu sauraron dandali. An daina tallafa wa Flash ranar 31 ga Disamba, 2020, amma matsalar ba ta bi shi kabari ba.

3.0 Nauyin da ba a gani

Girman fayil a kan layi daban, girmansa a memori daban. Hoto mai fiksel 4,000 sau 3,000 yana iya zuwa a matse cikin 'yan megabayit kaɗan, amma da zarar an warware shi kowane fiksel zai ci bayit 4, jimla megabayit 48. Shimfiɗar hoto ta WebGL mai fiksel 4,096 sau 4,096 tana cin kusan megabayit 67, ƙananan kwafinta na hangen nesa kuma su ƙara kashi ɗaya cikin uku. Sauti ya fi ba da mamaki. Minti ɗaya na MP3 a kilobit 128 bai cika megabayit ɗaya ba, amma decodeAudioData yana mayar da shi lambobi masu bit 32: 44,100 a daƙiƙa, tasha biyu, bayit 4, daƙiƙa 60, wato fiye da megabayit 21.

Muhimmin abin lura shi ne inda nauyin yake zaune. Abin da JavaScript yake riƙe da shi ɗan ƙaramin mariƙi ne, tamkar takardar shaidar ajiya, alhali buhunan suna can sito, a memorin na'urar zane ko a wurin mai warware bidiyo. Mai kwashe shara yakan tashi aiki ne musamman idan tarin JavaScript ya cika, kuma ba ya yin alkawarin lokaci. Kafin ya waiwayi mariƙin, waya mai ƙaramin memori, irin waɗanda aka yi Android Go dominsu, ta riga ta kashe shafin. Abin takaici, masu irin waɗannan wayoyi su ne ba a cika gwada manhaja a kan na'urorinsu ba.

4.0 Hanyoyin saukewa

Kowane nau'in kaya da ƙofar fitarsa. Adireshin da createObjectURL ya samar yana riƙe bayanan har sai an kira revokeObjectURL ko an rufe shafin. ImageBitmap, AudioContext da VideoFrame duk suna da close. A WebGL akwai deleteTexture da deleteBuffer, a ɗakin karatun three.js kuwa cire siffa daga fage bai wadatar ba, sai an kira dispose a kan ƙirarta, kayan fentinta da shimfiɗarta ɗaya bayan ɗaya. Game da bidiyo, ƙa'idar HTML ta ba da shawarar a cire src sannan a kira load, domin burauza ta saki abin da ta tara.

A ganin wannan maƙala, haddace umarnan ba shi ne wahalar ba. Wahalar ita ce sanin mai kayan. Idan fage biyu na wasa suna amfani da shimfiɗa ɗaya, na farko ya goge ta, na biyu zai zana baƙi. Idan kowa ya bar wa ɗan'uwansa, ba mai gogewa. Mafita ita ce a kafa manajan kaya guda, mai ƙirga masu aro, wanda zai saki kaya idan ƙirgen ya koma sifili. Masu sauraron aukuwa kuma a ɗaure su duka da AbortController ɗaya, a tsinke su a lokaci guda.

WeakRef da FinalizationRegistry, da suka shigo cikin ECMAScript 2021, ba za su maye gurbin wannan tsari ba, domin ƙa'idar ba ta tabbatar da cewa za a kira aikin tsaftacewar ba. Gwajin da ya dace shi ne a shiga fage a fita sau da yawa, a ɗauki hoton tarin memori a DevTools na Chrome kafin da bayan haka, a nemo sassan shafi da aka cire amma ake riƙe da su. Tunda wannan hoton ba ya nuna memorin na'urar zane, sai a haɗa da duba renderer.info.memory a three.js, a ga ko adadin shimfiɗu ya koma yadda yake tun farko.