Malik Badri, Tabibin Zukata

Duk wanda ya zauna da mutanen da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu, waɗanda suka tare a kangaye da gidajen dangi cikin Gusau, ya san cewa bayan yunwa da rashin matsuguni akwai wata cuta wadda ma'aunin zazzaɓi ba ya nuna ta: ga uwar da barci ya ƙaurace wa idonta, ga magidancin da ƙarar babur kaɗai ke sa shi makyarkyata. Mutanenmu sukan ce firgita ce ko iska, a kai shi ga malam a yi ruƙiyya, in abin ya faskara kuwa a ɗauke shi sai asibitin ƙwaƙwalwa ta Kware a jihar Sakkwato. Amma tsakanin malamin da likitan akwai wani gwani wanda ba mu faye saninsa ba, watau masanin ilmin nafsi, wanda ba ya rubuta ƙwaya, sai dai ya yi jinya da sauraro da magana. Kuma cikin Musulmin zamaninmu babu wanda tarihinsa ya fi cancanta a ba da shi a wannan fanni kamar Farfesa Malik Badri na Sudan.

An haife shi a 1932 a Rufa'a, bakin Shuɗin Nilu, kogin nan da jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa Mai Wurno a gaɓarsa bayan yaƙin Burmi na 1903. Mahaifinsa, Shaihu Babikir Badri, shi ne ya buɗe wa 'yan mata makaranta a garin a 1907. Malik ya yi karatu a Jami'ar Amurka ta Beirut, ya sami digirin digirgir a Leicester ta Ingila a 1961, sa'an nan ya koyi jinyar majinyata a asibitin Middlesex ta Landan.

A can ya ƙware a kan wata hanya ta raba mutum da tsoro sannu a hankali, inda ake kwantar da jikin majinyaci har ya saki, kana a sa shi ya riƙa sawwala abin da ke razana shi, daga mafi sauƙi zuwa mafi tsanani, har gaba ya daina faɗuwa in an ambace shi. Gyaran da Badri ya kawo shi ne majinyaci ya daina sawwalawa a cikin shiru, ya riƙa faɗin abin da yake gani da bakinsa, domin mai jinya ya san inda ciwon yake. Ita dai hanyar jinyar, ya karɓe ta daga Turawa da hannu biyu. Abin da ya ƙi karɓa shi ne ra'ayin masanin nafsi Freud mai ɗaukar addini a matsayin ruɗu, domin ya lura cewa majinyacin da rayuwarsa ta ginu a kan tawakkali da haƙuri da yarda da ƙaddara, in aka ce ya ajiye waɗannan a bakin ƙofa, to, an raba shi da mafi ƙarfin abin da zai warke da shi. A kan wannan ya wallafa littafinsa na 1979 game da tsaka-mai-wuyar da masana nafsi Musulmi ke ciki.

Abin da ya fi faranta mini rai cikin aikinsa shi ne yadda ya fassara sashen nafsi na littafin Masalihul Abdan wal Anfus na Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a 934. Tun a wancan ƙarni Balkhi ya rarrabe baƙin cikin da aka san sababinsa, kamar rashin ɗa ko dukiya, da wanda ke faɗa wa mutum ba gaira ba dalili, ya ce na farko magana da nasiha ke maganinsa, na biyu kuwa yana bukatar a duba jiki. Ya kuma yi wasiyya mutum ya tanadi kyawawan tunani a lokacin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida kafin ciwo ya zo.

Badri ya rasu a Maleshiya a Fabrairun 2021. A farkon 2023 Nijeriya ta sami sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Amma doka ba ta zama da bazawarar da aka kashe mijinta a gona. Mutum ne zai zauna da ita, wanda yake jin Zamfarci, ya san takaba da hukuncinta. Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, da kwalejin kiwon lafiya ta Tsafe, su ne ya wajaba su fara horar da irin wannan mutum.