Haɗa shukar hatsi da wake

Haɗa shuka shi ne noma iri biyu ko fiye na amfanin gona a fili ɗaya, a damina ɗaya. A Najeriya da Nijar, waɗanda suka fi kowace ƙasa noman wake a duniya, an fi haɗa gero ko dawa da wake ko gyaɗa. Wannan tsari yana sauya aikin bakteriyar da ke zaune kewaye da saiwa, da kuma yawan sinadarin naitirojin da shuka ke samu.

Bakteriyar saiwa

Kusan kashi 78 cikin 100 na iska naitirojin ne, amma tsiro ba ya iya amfani da shi kai tsaye. Saiwar wake tana fitar da wasu sinadarai da ke jawo bakteriya mai suna Bradyrhizobium. Bakteriyar tana shiga saiwar, sai ƙananan ƙulluttai su fito a jikinta. A cikinsu take mayar da naitirojin na iska zuwa amoniya, shi kuma waken yana ciyar da ita da sukari. Idan aka fasa ƙullutu mai aiki, za a ga cikinsa ja-ja. Masanan Jamus Hellriegel da Wilfarth ne suka bayyana wannan alaƙa a 1886, sannan Martinus Beijerinck ɗan ƙasar Holan ya ware bakteriyar a 1888.

Abin da haɗin ke sauyawa

Idan naitiret ya yi yawa a ƙasa, wake yakan rage yin ƙulluttai. Gero da dawa sun fi shi saurin zuƙe naitiret, don haka waken da ke tsakaninsu yakan ƙara dogara ga iska. Ta haka shukokin biyu suke rage takara a kan abinci ɗaya.

Saiwar dawa kuma tana fitar da sinadarin sorgoleone, wanda ke rage aikin bakteriyar da ke mayar da amoniya zuwa naitiret, irin su Nitrosomonas. Wannan yana da amfani domin naitiret ne ruwan sama ya fi saurin wankewa, musamman a jigawa.

Naitirojin ɗin da hatsi ke samu daga wake a daminar da aka shuka su tare kaɗan ne. Mafi yawan amfanin yana zuwa ne daga baya, bayan ganye da saiwa da ƙulluttai sun ruɓe.

Abubuwan da ke rage amfanin

Inuwar dogon gero ko dawa tana rage girman wake, ta haka kuma aikin ƙulluttai ke raguwa. Ƙarancin sinadarin fosfaras, wanda ya zama ruwan dare a ƙasar Sahel, da fari su ma suna raunana shi. Sannan idan aka kwashe ’ya’yan wake da harawa gaba ɗaya, yawancin naitirojin ɗin ya bar gonar, sai in an dawo da takin dabbobin da suka ci harawar.

Don rage inuwa, masu bincike na cibiyar IITA reshen Kano sun ba da shawarar shuka layi 2 na hatsi, layi 4 na wake, tare da sauya musu wuri kowace shekara domin hatsi ya hau inda wake ya tashi.