Yadda Makamin Fasa Tankar Yaƙi Ya Zama Mai Kai Biyu

Tun da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a Fabrairun 2022, masu sharhi ke ta cacar baki a kan ko zamanin tankar yaƙi ya wuce. Hujjarsu ita ce hotunan tankokin da makamin Javelin ya ƙone ƙurmus, duk da akwatunan ƙarfe da aka jera musu a jiki. Waɗannan akwatuna da makamin da ya ci su kowanne ɗan wani tsohon rikici ne.

A 1888 wani masanin sinadarai na Amurka, Charles Munroe, ya lura cewa nakiyar da aka yi wa rami a fuska tana tattara ƙarfinta wuri guda. Gab da Yaƙin Duniya na Biyu aka shafa wa ramin ƙarfe, fashewar ta riƙa tura shi siriri kamar tsinke yana huda sulke. Bazukar Amurka da Panzerfaust na Jamus haka suke aiki.

Inda labarin ya ɗauki zafi shi ne Gabas ta Tsakiya. Bayan yaƙin Larabawa da Isra'ila na 1967, wani Bajamushe, Manfred Held, ya yi gwaji a kan matattun tankokin da aka bari, ya gano cewa fashewa ta biyu na iya tarwatsa wannan tsinken ƙarfe. A Oktoban 1973 sojojin ƙasa na Masar suka yi wa tankokin Isra'ila mummunar ɓarna a Sinai da makamin Malyutka da rokar RPG-7. Daga nan kamfanin Rafael ya ƙera sulken Blazer: faranti biyu na ƙarfe da nakiya a tsakani, wadda ke tashi ta watsa farantan idan an doke ta. A Labanan aka fara fita da shi fagen fama, a 1982.

Rashawa kan ce su suka riga kowa, domin cibiyarsu ta NII Stali ta yi binciken tun da daɗewa. Ban musa ba, amma bincike a takarda daban, sulke a jikin tanka daban. Hafsoshin Sobiyet sun yi shekaru suna ƙyamar ɗaura wa tankarsu nakiya. Sai da Siriya ta kama tankokin Isra'ila a Sultan Yakub da ke Labanan a Yunin 1982, aka kai ɗaya Mosko, sannan sulken Kontakt-1, wato akwatunan nan masu nakiya a ciki, ya bazu a tankokin T-64, T-72 da T-80 cikin 'yan shekaru. Jinin da ya zuba ne ya tilasta canjin.

Amsar maƙeran makamai ita ce kai biyu: ƙarami a gaba ya tayar da nakiyar sulken, babba ya biyo baya cikin ƙiftawar ido ya samu hanya a share. Amurka ta fito da TOW-2A a 1987, Sobiyet ta yi wa RPG-7 sabon kai mai suna PG-7VR a 1988, sai RPG-29 a 1989, sai Kornet na Rasha a 1998. Wasu suka zaɓi rufin tanka, inda ƙarfen bai da kauri. Javelin, da ya shiga aiki a 1996, ya haɗa dabarun biyu. A yaƙin Labanan na 2006 Hizbullah ta illata tankokin Merkava na Isra'ila da Kornet, Isra'ila kuwa ta hanzarta na'urar Trophy mai kakkaɓo makami tun yana iska, wadda ta fara cin nasara a 2011.

Saboda haka ban yarda tanka ta mutu ba. An sha yi mata jana'iza tun 1973. Abin da ya mutu shi ne tunanin cewa sulke kaɗai ya isa. Najeriya, da ta karɓi tankokin VT-4 daga Sin a 2020, ya kamata ta kashe wa horon sojan ƙasa da ke raka tanka irin kuɗin da take kashe wa tankar kanta, domin shi ne ke hango mai roka kafin ya harba.